Motar haya marar direba: shin ta fi aminci ga mace mai tafiya ita kaɗai?

Tambaya: Wata Hajiya daga Agege ta rubuto cewa 'yarta da ke karatu a Amurka ta daina shiga motar haya mai direba in dare ya yi, sai irin wadda ke tuƙa kanta. Tana so ta san ko hakan ya fi aminci, me yarinyar za ta yi in wani ya tare ta a hanya, kuma in irin motocin nan suka iso Legas, a shiga ko a ƙaurace musu.

Amsa: Hajiya, 'yarki ba ta yi wauta ba. Ta rabu da babban haɗari guda, amma ta ɗauki wani wanda yawancin masu shiga motar ba sa saninsa sai ranar da ya same su. Cire direba ya fitar da mutumin da zai iya cutar da ita daga cikin mota. Ya kuma fitar da mutumin da zai taka mai ya tsere da ita in cutarwar daga waje ta zo.

A Legas babu irin wannan mota a kan titi, haka ma sauran garuruwan Najeriya. Kamfanin Waymo, ɗan gida ɗaya da Google, ya buɗe wa jama'a haya ba direba a birnin Finiks a Oktoban 2020, ya buɗe wa kowa a San Faransisko a Yunin 2024, sai Los Anjelis a ƙarshen shekarar, sannan Ostin da Atlanta a 2025 ta cikin manhajar Uber. A ƙasar Sin akwai Apollo Go na kamfanin Baidu, wanda ya fi ƙarfi a Wuhan. A Abu Dabi kuma WeRide ya haɗa kai da Uber tun Disambar 2024. Tunda 'yarki a Amurka take, mai yiwuwa Waymo take shiga, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Gudun direba da take yi yana da tushe. A Disambar 2019 Uber ya fitar da rahoton da shi da kansa ya rubuta, ya ce a 2017 da 2018 an kai masa ƙorafin cin zarafi ta hanyar lalata har 5,981 a Amurka kaɗai, cikin tafiye-tafiye kimanin biliyan 2.3. In aka auna da yawan tafiyar, kaɗan ne ƙwarai, sai dai wadda abin ya faɗa wa ba ruwanta da lissafi. Ban da wannan akwai abubuwan da ba sa shiga rahoto: kallo ta madubi, "kina da aure?", nacin neman lamba, direban da ya ga gidan da ya sauke yarinya ya dawo washegari. Ga kuma damuwar da iyaye Musulmi ke da ita ta kaɗaicewar mace da namijin da ba muharraminta ba cikin dare. Duk wannan mota marar direba ta kawar da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Motar Waymo da aka fi gani farar Jaguar ce mai aiki da lantarki, ɗauke da kyamarori 29, da na'urorin rada, da wata na'ura a kan rufi da ake kira lidar, wadda ke harba hasken lesa ta auna nisan duk abin da ke kewaye. Da waɗannan kwamfutar motar ke gane wancan mutum ne, wancan keke ne, wancan kwandon shara ne, ta kuma yi hasashen inda kowanne zai nufa nan da 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ba ta karantawa shi ne niyya. Tsohuwar da ta tsaya a gaban mota don ƙafa ta riƙe ta, da ƙaton da ya tsaya a gaban mota don ya hango budurwa a ciki, duk ɗaya suke a wurinta: mutum a kan hanya. Direba in ya ga abin ba na lafiya ba ne zai danna ham, ya sako motar a hankali har mai tarewa ya kauce, ko ya hau gefen titi, ko ya keta danja ya ba 'yan sanda haƙuri daga baya. Kwamfuta ba a ba ta izinin tura mutum da bamba ba, ba a kuma koya mata karya doka don tsira ba. Sai ta tsaya cak ta jira.

Kada a ɗauka sakaci ne. Ranar 2 ga Oktoban 2023 a San Faransisko wata mota mai direba ta buge wata mata ta wurga ta gaban motar kamfanin Cruise marar direba. Motar ta taka birki, amma daga baya ta yi ƙoƙarin komawa gefen titi alhali matar na ƙarƙashinta, ta ja ta kimanin mita shida. Hukumar Kalifoniya ta dakatar da lasisin kamfanin a cikin watan, zuwa Disambar 2024 kuma General Motors, mai kamfanin Cruise, ya janye kuɗinsa daga harkar. Tun daga nan kowa a wannan fagen ya ƙara riƙe ƙa'ida ɗaya: in akwai shakka game da mutum kusa da mota, kada ta motsa. Ni ma ba zan ba da shawarar a koya wa kwamfuta ture mutane bisa zato ba. Sai dai wanda ke kujerar baya shi ke kwana a ciki.

Mutane sun gano wannan lagon da wuri. A 2023 masu adawa da motocin a San Faransisko suka riƙa ɗora robar nan mai tsini ta masu gyaran titi a kan bonet, mota ta sandare har sai an zo an cire. A ƙarshen Satumbar 2024 wata mata ta ɗauki bidiyo daga cikin Waymo: mota ta tsaya a danja, maza biyu suka tare gabanta suna neman ta ba su lambar waya, tana ce musu su kauce, motar kuma ta ƙi gaba ta ƙi baya na wasu mintuna har suka tafi don kansu. Wasu matan sun ba da labarin an bi motarsu a baya cikin dare, abin da ba shi da wuya, tunda ba ta wuce gudun da doka ta ƙayyade, tana tsayawa a kowace danja, tana ba da sigina kafin kowace kwana. A Fabrairun 2024 kuma taron mutane a unguwar Chinatown suka farfasa gilasan wata motar Waymo suka cinna mata wuta. Allah ya taƙaita, babu kowa a ciki.

To in an tare ta me za ta yi? Na farko shi ne abin da zuciya ba ta so: ta zauna a ciki. Ƙofofin a kulle suke muddin ana tafiya, hannun ƙofa na waje ma shigewa yake cikin jikin motar, babu abin kamawa. Daga ciki sai an ja hannu sau biyu ƙofa ke buɗewa, ja na farko ya cire makulli, na biyu ya buɗe. Wannan ta riƙe shi da kyau, don mai firgita yakan kai hannu ƙofa bai sani ba, ja ɗaya kuma ya isa ya sauƙaƙa wa na waje. Gilashi ya kasance a rufe ruf, kada ta sauke shi ko da faɗin yatsa biyu don ta yi magana. Ta matsa tsakiyar kujerar baya nesa da taga, jaka a ƙarƙashin ƙafa. Ba amsa magana, ba zagi, ba murmushin lallashi, don kowanne ƙara tsawaita tsayuwar yake yi.

Sai kira. Akwai allo a gaban masu zama a baya mai maɓallin kiran ma'aikatan kamfani, akwai shi kuma a manhaja. Mutum ne zai amsa, kuma suna iya duba abin da kyamarori ke gani. Amma ta san iyakarsu: ba sitiyari gare su ba. Masu taimaka wa motar daga nesa shawara suke ba kwamfuta, su ce mata hanyar can a buɗe take, ko wancan abin ba shinge ba ne. Ita ke tuƙi, kuma ba za ta bi ta kan mutum ba ko wa ya ce. Saboda haka in akwai makami, ko ana dukan gilashi, ko ana jijjiga ƙofa, 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka, za ta fara kira da wayarta, kamfani ya biyo baya. Za ta iya haɗa su lokaci guda, tunda kiran kamfani ta lasifikar mota yake fita. Abin da mai amsa kiran gaggawa ke bukata tun a numfashin farko shi ne sunan titunan da suka haɗu a wurin, waɗanda ke nan a taswirar allo, sai cewa mota marar direba ce kuma ba za ta iya barin wurin ba, sai yawan mutanen da ko akwai makami. Maganar cewa babu direba ita aka fi mantawa, ba tare da ita ba kuwa shawarar farko da za a ba ta ita ce su ja mota su bar wurin.

Game da bidiyo, ta ɗauka in za ta iya ba tare da ta manna waya a gilashi ba. Motar kanta tana ɗauka ta kowane ɓangare, shaida ba za ta ɓata ba. Ɗaga waya a fuskar mai maye wani lokaci tunzura shi yake yi, ko ya nuna masa abin da zai fasa gilashi ya ɗauka.

Maɓallin da ke sa mota ta tsaya a gefe tarko ne in ana bin ta a baya. An yi shi don mai jin amai ko wanda ya fasa tafiya. In ta danna, mota za ta nemi gefen titi ta tsaya, abin da mai bin yake nema ke nan. Abin yi shi ne ta canza inda za a sauke ta a manhaja tun ana tafiya: ofishin 'yan sanda, ƙofar sashen gaggawa na asibiti, babban otal mai masu gadi, ko gidan mai da ke kwana a buɗe. Kada ta bari a kai ta gida. Canza wurin ma gwaji ne, don in mota ta juya wata nahiya daban, aka yi kwana biyu ko uku fitilun nan na biye, to ba zato ba ne. Sai dai motocin nan iyakar yanki gare su, ba sa fita daga taswirar da aka zana musu. Gara ta nemi irin waɗannan wurare guda biyu a cikin yankin tun da rana, ta ajiye su a manhaja, don hannu mai rawa ba ya iya rubuta adireshi.

Fita daga motar sai in zaman ya fi fitar haɗari: hayaƙi, wuta, ruwa na shigowa, ko gilashi ya riga ya fashe ana kutsowa. Ta fita ta ɓangaren da babu su, ta nufi haske da jama'a, jaka ta bar musu. In wuta ce ta yi nisa sosai, don batirin motar lantarki in ya kama yana da wuyar kashewa, hayaƙinsa kuma guba ne. Kujerar direba ba ta fasinja ba ce, kada ta yi tunanin tsallakawa ta kama sitiyari, motar ba a shirya ta don haka ba.

Lokacin shiga da lokacin sauka su ne suka fi rauni, don a nan ƙofa ke buɗe kuma babu wanda ke kallo a madadinta. Ta jira a cikin gini sai manhaja ta nuna mota ta iso. Ta duba lambar mota da haruffan sunanta da ke haskawa a kan rufi. Da waya ake buɗe ƙofa, kada ta danna tun daga nesa, sai tana tsaye a jikin motar. Ta leƙa kujerun baya, ta leƙa but, wanda a irin wannan mota a haɗe yake da ciki. Wannan ba tsoro ne marar dalili ba: a Disambar 2025 a Los Anjelis wata mata ta kira Waymo, ta iske mutum kwance a but. In wani ya matso yana cewa hanyarsu ɗaya, ko shi ma'aikacin kamfani ne, ta koma cikin gini ta bar motar ta tafi. Asarar kuɗin soke tafiya ba komai ba ce. Cajin waya kuma ya zama kamar kuɗin mota, in bai kai kashi 30 ba kada ta fita da dare sai da fawa-banki, tunda da wayar za ta buɗe ƙofa, da ita za ta canza hanya, da ita za ta kira 'yan sanda.

A sauka akwai wani abu da ke ba sababbi mamaki. Motar ba dole ta tsaya a ƙofar gida ba, takan zaɓi inda take ganin tsayawa ya halatta, wani lokaci sai an taka na 'yan mintuna. Manhaja tana nuna wurin kafin a tabbatar da tafiya, a duba, in lungu ne mai duhu a matsar da shi. Direban kirki yakan haska fitila ya jira yarinya ta shiga gida. Wannan tana rufe ƙofa za ta kama gabanta. Don haka makulli a hannu tun kafin a iso, ta duba madubi da bayan mota kafin ta ja hannun ƙofa, in hankalinta bai kwanta ba ta bar ƙofa a kulle ta kira ma'aikata.

Wani ɓangaren da iyaye ba sa tunawa shi ne wanda aka shiga motar tare da shi. A rahoton Uber ɗin nan, kusan rabin waɗanda aka zarga fasinjoji ne, ba direbobi ba. Direba, duk da laifinsa, shaida ne, kasancewarsa kaɗai tana hana wani abokin tafiya miƙa hannu. A mota marar direba akwai kyamara a ciki, amma ba wai akwai mai zaune yana kallonta kowane lokaci ba, kuma Waymo ya ce makirfon ɗin ciki ba ya aiki sai an kira ma'aikata. Ma'ana ihu kaɗai ba zai kai ko'ina ba, sai ta danna maɓalli. Wanda ba za ta yarda ta zauna ɗaki ɗaya da shi su biyu ba, kada ta shiga wannan motar da shi. Kuma tafiyar ta kasance a asusunta, don wanda ya kira mota shi ke da ikon canza inda za ta nufa daga wayarsa.

Akwai kuma tsayawar da ba mutum ya jawo ba. A Disambar 2025 wuta ta ɗauke a babban ɓangare na San Faransisko, danjoji suka mutu, motocin Waymo da yawa suka tsaya a mahaɗar tituna suna jiran tabbaci daga ma'aikata, har kamfanin ya dakatar da aiki na ɗan lokaci. Mutumin Legas in ya ji an ce ɗaukewar wuta ta kwana guda ta rikita motoci, murmushi kawai zai yi.

Wannan ya kawo mu gida. Ra'ayina shi ne motar yadda take a yau ba ta dace da yawancin titunan Legas ba, kuma dalilin ba ramuka ba ne kawai. Haɗarin da ta fi rauni a kansa shi ne wanda muka fi fama da shi. Duk mai bin Oshodi, Mile 2, Ojota, Apongbon ko gadar Eko da magariba ya san fashin gosulo: a ƙwanƙwasa gilashi, a nuna abin da ke ƙarƙashin riga, a karɓe waya, a ɓace cikin masu talla. Abin da ke tsirar da mutane sau da yawa idon direba ne. Shi ke lura da samari uku da ke tafe tsakanin motoci ba tire ba kwali a hannu. Shi ke barin tazara da motar gaba har yana ganin tayoyinta na baya, don ya samu wurin karya kan mota. Shi ke zaɓar layin tsakiya, shi ke ƙin tsayawa in wani ya nuna masa taya ya ce ta sace a kan gadar Third Mainland. Motar da ke tsayawa wa duk wanda ya taka gabanta, ba za a yi mako guda ba 'yan agbero, wato 'yan tasha masu karɓar kuɗi a titi, sun sa mata haraji, fasinja ne kuma zai biya ta taga.

Ƙara da masu talla da ke goga kafaɗa da madubi, da mai acaba da ya biyo hannun da ba nasa ba, da danfo da ke tsayawa a tsakiyar titi ya ɗauki fasinja, da ɗan LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, da ke ba da hannu saɓanin danja, da ruwan damina a Lekki da ke shafe titi da kwata su zama ɗaya. Kowanne daga cikin waɗannan dalili ne na tsayawa a nemi taimako ta intanet, sabis kuma ba ko'ina yake da ƙarfi ba. Sannan ga get. Layuka da yawa a Agege, Surulere da Mushin ana kulle su da dare, direba ya san wanne ake bari a buɗe, ya san yadda zai kira mai gadi. Kwamfuta za ta sauke yarinya a bakin ƙarfen da aka garƙame ta ce an iso.

Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya gefen. Haɗarin cikin mota ma a nan ba wasa ba ne. 'Yan wan-cans direba da fasinjojin ƙarya ne suke haɗa baki. Kowa kuma yana tuna budurwar da ta shiga motar BRT, babbar bas ɗin haya ta Legas, a Fabrairun 2022 daga wajen Ajah za ta Oshodi, daga baya aka tsinci gawarta, kotu ta yanke wa direban hukuncin kisa a 2025. Saƙonnin murya da bidiyon da ta tura wa ƙawarta tana cikin motar su suka taimaka aka gano wace mota ce. Mota marar direba ba ta da direban da zai haɗa baki da kowa. Saboda haka ban ce kada ta zo ba. In za ta zo, hankali ya fi kwanciya da a fara a killataccen wuri mai masu gadi, kamar cikin manyan rukunin gidaje ko tsakanin sassan filin jirgi, ba Agege zuwa Obalende ƙarfe goma na dare ba.

Ranar da wani kamfani ya zo da tallarta, ga abin da za a tambaye shi kafin a saka 'ya'ya a ciki. In an danna maɓalli wa zai amsa, yana ina, cikin daƙiƙa nawa, kuma yana jin Hausa, Yarabanci ko Buroka, ko sai Turancin da mai firgita ba za ta iya haɗawa ba? Yana da layi kai tsaye da lambobin gaggawa 112 da 767 da rundunar 'yan sandan kai ɗauki ta RRS, ko shi ma kira zai yi ya shiga layi? In mota ta tsaya, minti nawa kafin mutanensu su iso, a cikin gosulo ba a kan takarda ba? Gilasan gefe masu leda a tsakiya ne irin na gaba, waɗanda ke tsagewa ba su zube ba, ko irin waɗanda ke wargajewa da bugu ɗaya? Hoton cikin mota kwana nawa ake ajiye shi, wa ke da ikon gani? Wannan na ƙarshe ba ƙarami ba ne ga macen da ta ɗage niƙabi ko ta shayar da jariri tana ganin ita kaɗai ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin tambayar abin da aka tara a kansa da abin da ake yi da shi. Dokokin hanya da muke aiki da su kuwa an gina su ne a kan akwai direba mai lasisi a bayan sitiyari, don haka sai an fayyace wa za a kama in abu ya faru, wa kuma zai biya diyya.

Kafin wannan ranar, ƙannenta da ke gabanki Uber, Bolt, inDrive da LagRide suke shiga, nasu matakan sun fi gaggawa. Lambar mota da fuskar direba su dace da na manhaja, in ya ce motar ɗan'uwansa ce ko tasa tana gareji, a soke. Kafin a zauna a duba gefen ƙofar baya, akwai ɗan makunni na hana yara buɗewa, in an kunna shi ƙofa ba ta buɗuwa daga ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce a rufe ƙofa a sake buɗewa sau ɗaya kafin mota ta tashi. A zauna a baya, bayan direba, inda hannunsa ba ya kaiwa da sauƙi. A tura wa wani na gida tafiyar ta manhaja yana bi a taswira, a kuma faɗa da baki yadda direba zai ji. Babban kuskuren da ake yi a Legas shi ne yarda da "soke, mu yi ciniki a waje, zan rage miki". Da an soke, babu rikodin hanya, babu maɓallin gaggawa mai amfani, kamfani kuma zai ce bai san da tafiyar ba. In direba ya tsaya zai ɗauki wani, a sauka nan take. Ruwa ko lemo daga hannunsa, a gode a ƙi.

In kuwa abin da ake gudu ya faru, a can ko a nan, awannin farko su ne masu muhimmanci. A ɗauki hoton rasit ɗin tafiyar daga allon waya, da lambar mota, da lokaci. A kai ƙorafi ga kamfani a rubuce a ranar, a nemi su adana bidiyo da bayanan tafiyar, don ba har abada ake ajiye su ba, kuma galibi 'yan sanda ake miƙa wa bisa takardar doka, ba fasinja ba, saboda haka rahoton 'yan sanda ya zama dole. In fyaɗe ne, asibiti kafin wanka, kayan da ke jiki a sa su a jakar takarda ba leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana kuma shan sa kwana 28, kowace awa da aka rage ta fi. A Legas cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na jiha a Ikeja tana yin wannan kyauta tun 2013, hukumar DSVA ta jiha mai yaƙi da cin zarafi a gida da na lalata kuma tana da layin kira kyauta, 08000 333 333. A can Amurka, 'yarki ta nemi lambar jami'an tsaron makarantarsu ta ajiye tare da 911, ta kuma riƙa tura tafiyarta ta dare ga wata ƙawa da ke gari ɗaya da ita, don ke a Agege ko kin ga mota ta tsaya a taswira, ba ki da wanda za ki tura.